Baƙin wadan tauraro: akwai shi ko lissafi ne kawai?

Ɗan Autan Zaure: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah a taimaka min. Jiya da dare aka turo min wani bidiyo, mai maganar yana ta rantse-rantse wai akwai mataccen tauraro da ake kira baƙin wada, ya laɓe can bayan Fuluto, ƙaramar duniyar nan mai nisa da ke zagaya Rana. Wai ba ya haske, shi ya sa ba a ganinsa, kuma yana matsowa kusa da mu, masana sun sani sun yi gum da bakinsu. Wallahi ban yi barcin kirki ba. Mene ne gaskiyar maganar?

Sai Na Gani: Wa alaikumus salam. Auta, koma ka rama barcinka. A 2012 ma haka aka cika mana kunne da wata duniya da za ta zo ta yi karo da tamu. Ga mu nan muna hira.

Tsohon Malami: Auta, mai bidiyon ya tsinci suna na gaskiya ya ɗora masa tatsuniya. Baƙin wada kalma ce da masana falaki suke amfani da ita, amma a yau babu ko guda ɗaya, ba bayan Fuluto ba, ba ko'ina ba. Bari in bi da kai daga tushe.

Tauraro irin Rana wuta ce da ke ci daga ciki. A tsakiyarta zafi ya kai digiri miliyan 15, kuma a can ne ƙwayoyin haidurojin suke haɗewa su zama hiliyam, wajen tan miliyan 600 a kowace daƙiƙa. Abubuwa biyu ne suke kokawa a jikinta: nauyinta yana danna komai zuwa ciki, zafin wutar yana turawa waje. Shekara biliyan 4.6 ke nan ana wannan kokawa babu wanda ya kai wani ƙasa. Nan da wajen shekara biliyan 5 haidurojin ɗin tsakiya zai ƙare. Sai Rana ta kumbura ta yi ja, ta haɗiye Makyuri da Zuhura, duniyoyi biyu mafi kusa da ita. Daga baya ta zubar da ɓawonta na waje, ya watse a sarari, a bar ƙwallon ciki na kabon da oksijin. Girmansa kamar na duniyarmu, amma yana ɗauke da kusan rabin nauyin Rana. Shi ne farin wada.

Farin wada ba ya ƙona komai. Ka taɓa ganin ƙarfen da maƙeri ya zaro daga wuta? Da fari yana walƙiya fari, sai ya koma ruwan ɗorawa, sai ja, sai ja mai duhu, daga ƙarshe baƙi wuluk, ka ɗauka da hannu. To farin wada a kan wannan hanyar yake. Ranar da ya huce sarai, babu haske babu ɗumi, ranar ya zama baƙin wada.

Ɗan Autan Zaure: Na gode Malam. Amma to me ya sa kuka ce babu ko ɗaya? Ai taurari sun daɗe suna mutuwa.

Ɗalibar Falaki: Bari in ɗan karɓi Malam a nan. Lokaci ne bai yi ba, ƙanena. Shekarun sararin samaniya gaba ɗaya biliyan 13.8 ne. Kiyasin da aka fi ambata na hucewar farin wada kuwa shi ne aƙalla shekara biliyan sau miliyan, wato ka rubuta 1 ka jera masa sifili 15. Na taɓa zama na raba lissafin don in ji shi a jikina: idan wannan dogon lokaci ya zama rayuwar mutum mai shekara 70, to sararin samaniya a yau jariri ne da bai cika awa tara da haihuwa ba. Fararen wadannin da suka fi kowane sanyi cikin waɗanda aka gano har yanzu zafin fatarsu yana wajen digiri 3,000. Wannan ya narkar da ƙarfe ya yi saura.

Mai Gadin Dare: Ikon Allah. Ni dai aikina ya sa kullum ina tare da taurari, amma ban san suna da wannan labari ba. Tambayata, Malama: garwashi kafin asuba ya zama toka. Me ya riƙe wannan har ya ƙi hucewa?

Ɗalibar Falaki: Baba, abu biyu ne. Na farko, zafi ta fata yake fita. Faɗin Rana ya ninka na duniya sau 109, don haka fatar farin wada ta gaza ta Rana wajen sau 12,000. Zafi mai yawa ne aka cusa a ƙaramin ɗaki mai 'yar taga. Kuma garwashinka iska tana kaɗa shi, ƙasa tana shan zafinsa. Shi wannan babu iska babu komai a kewayensa, sai dai ya riƙa fitar da zafin ta hanyar haske kawai. Na biyu, gwargwadon yadda yake hucewa, gwargwadon yadda fitar zafin take raguwa. In zafin fatarsa ya ragu da rabi, hasken da yake fitarwa sau 16 yake raguwa. Farkon tafiyar da gudu ake yinta, ƙarshenta da jan ciki.

Sai Na Gani: To ga inda nake da ja. Malam, Allah gafarta, ba raini ba ne. Abu ba a taɓa ganinsa ba, ku da bakinku kun ce babu shi, kuma ko ya samu babu mai rai da zai shaida. Amma an raɗa masa suna, an yanka masa shekaru, ana koyar da shi. Mene ne bambancin wannan da bidiyon da ya hana Auta barci? Shi ma abin da ba a gani ba ya faɗa. Mu dai abin da muka sani, gani ya kori ji.

Tsohon Malami: Tambaya ce mai kyau, kuma ban ɗauke ta raini ba. Bambancin shi ne, matakan da ke kafin na ƙarshe duk an gan su. An ga taurari suna kumbura. An ga ɓawon da suka zubar. An ga fararen wadanni dubbai, masu tsananin zafi, masu matsakaici, da waɗanda suka fara dushewa, kamar ka shiga gari ka ga jarirai da samari da dattawa. Ba sai ka zauna shekara 80 kana kallon mutum ɗaya ba kafin ka san inda tafiyar ta dosa. Abin da ba shi da makamashi kuma yana zubar da zafi, ina zai ƙare in ba a sanyi ba?

Kuma lissafi ya sha riga ido. A 1844 wani Bajamushe, Friedrich Bessel, ya lura tauraron Siriyus, wanda Larabawa suke kira Shi'ira, yana tangaɗi a tafiyarsa kamar ana jansa. Ya ce lallai yana da abokin tafiya da ba a gani. Sai a 1862 Alvan Graham Clark ya hango shi a Amurka lokacin da yake gwada sabon madubin hangen nesa. Wannan abokin tafiya farin wada ne, nauyinsa kusan na Rana, girmansa kusan na duniya. Duniyar Neftun ma haka aka gano ta: masani Le Verrier a Faransa ya ga duniyar Yuranus tana kaucewa hanyar da lissafi ya ba ta, ya zauna da alƙalami ya nuna inda za a duba, a 1846 aka duba daga Balin aka same ta a daren farko.

Sai Na Gani: Malam, tunda kun kawo Le Verrier, ku ƙarasa labarinsa mana. Ba shi ne kuma ya ce akwai wata duniya tsakanin Makyuri da Rana ba, har aka sa mata suna Bulkan? Aka yi shekaru ana nema, wasu har suna cewa sun gani. Ashe babu ta. Alƙalami ɗaya, mutum ɗaya, sau ɗaya ya dace, sau ɗaya ya faɗi.

Tsohon Malami: Ka kama ni, kuma gaskiyarka. A 1859 ya yi wannan, kuma sai a 1915 Einstein ya nuna cewa matsalar tana cikin dokar jan nauyi da ake aiki da ita, ba wata ɓoyayyiyar duniya ba ce. Don haka ba zan rantse maka a kan sifili 15 ɗin nan ba. Akwai abubuwan da za su iya tsawaita lokacin ƙwarai, misali idan ƙwayar furoton, ɗaya daga cikin ƙananan ƙwayoyin da suka haɗa komai, tana ruɓewa a hankali kamar yadda wasu nazarce-nazarce suke hasashe, hakan zai riƙa ɗan ɗumama gawar tauraron. Adadin yana iya motsawa. Hucewar ce ba na shakka a kanta.

Sai Na Gani: To yanzu muka fara jituwa. Ku ce "muna tsammani", kada ku ce "mun sani".

Ɗalibar Falaki: Yaya, ai a littattafan ma haka ake rubuta shi, tauraro ne na hasashe. Amma bidiyon Auta ba ya cikin wannan layin ko kaɗan, domin shi ana iya gwada shi yau, kuma ya faɗi. Baƙin wada ko ba ya haske yana da nauyi, kuma nauyi ba ya ɓuya. Rana ita kaɗai ta kwashe kashi 99.8 cikin 100 na nauyin duk abin da ke kewaye da ita. Ka kawo abu mai rabin nauyinta ka ajiye bayan Fuluto, ai hanyoyin Neftun da Yuranus sai sun karkace yadda ko ɗalibi zai gane. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977 ya ratsa can ya wuce, har yau ana bin sawunsa, babu abin da ya fizge shi.

Uwar Biyu: Sannunku da ƙoƙari. Ni na shigo a makare, kuma faɗuwa ta zo daidai da zama, don 'yata aka ba aikin gida a kan duniyoyin da ke zagaya Rana. Mu a zamaninmu tara aka koya mana, ita kuma ta dage takwas ne, har muka yi musu. Waye da gaskiya? Kuma a jero min su don Allah, kada in sake jin kunya.

Tsohon Malami: Hajiya, ki ba 'yarki haƙuri. Takwas ne tun 2006, lokacin da ƙungiyar masana falaki ta duniya ta yi taro a Firag ta sauke Fuluto zuwa ajin wadannin duniyoyi. Ba ɓata ta yi ba, tana nan inda Clyde Tombaugh ya gano ta a 1930. An dai fara samun irinta a can yankin, ga shi ko girman Watanmu ba ta kai ba, sai aka ga ko dai a ƙara jerin ya yi ta tsawo, ko a ja layi.

Daga kusa da Rana: Makyuri, Zuhura, Duniya, Mas. Waɗannan huɗun na dutse ne, ƙanana. Sai a tsallake wani fili mai tarin duwatsu, sai manya huɗu: Jupita, Satun mai zobe, Yuranus, Neftun. Jupita ita kaɗai ta ninka nauyin sauran bakwai ɗin a haɗe fiye da sau biyu. Makyuri tana gama zagayenta a kwana 88, Mas a kwana 687, Jupita kusan shekara 12, Neftun shekara 165. Tun da aka gano Neftun sau ɗaya tak ta kammala zagaye, a 2011.

Mai Gadin Dare: Zuhurar nan ita ce Zara matar wata? Wadda nake gani da magariba tana ƙyalli tun sauran ba su fito ba?

Tsohon Malami: Ita ce, kuma ita ce dai Gamzaki da kake gani da asuba a wasu watannin. Abu ɗaya ne, wani lokaci tana bin bayan Rana, wani lokaci tana riga ta fitowa. Kuma ba tauraro ba ce, hasken Rana take aro.

Ɗalibar Falaki: Anti, ga abin da 'yarki za ta burge malaminta da shi. Kowa yana zaton Makyuri ce ta fi zafi tunda ita ce a bakin wuta. Zuhura ce, wajen digiri 465, dare da rana, saboda iskarta mai kauri ta rufe ta ruf, zafi ya shiga ba ya fita. Kuma juyawarta sau ɗaya a kan kanta kwana 243 take ɗauka, alhali zagaya Rana kwana 225 ne.

Sai abin da zanen littafi yake ɓoyewa, wato nisa. A takarda ana jera su kamar 'yan makaranta a layi. Ki sa ta ɗauki ƙwallon ƙafa ta ce ita ce Rana. Duniya za ta zama ƙwayar tsakuwa mai milimita 2, a nisan mita 24. Jupita kamar ɗan dutsen da bai wuce kan babban yatsa ba, a mita 120 da 'yan kai. Neftun sai an yi tafiyar mita 700. Tauraro mafi kusa da mu bayan Rana kuwa, Proxima Centauri, sai an wuce kilomita 6,000 kafin a ajiye nasa ƙwallon. Hasken Rana minti 8 da daƙiƙa 20 yake yi ya iso mu, ya yi awa huɗu kafin ya kai Neftun, shi kuwa wancan maƙwabcin sai ya haura shekara huɗu.

Uwar Biyu: Kai! Ashe fili ne fetal, mu ne 'yan ƙura a ciki. Allah ya saka da alheri, na kwafe duka.

Ɗan Autan Zaure: Ni har yanzu akwai abin da ya ɗaure min kai. Baƙin wada da baƙin rami ba abu ɗaya ba ne? A bidiyon mutumin yana ta cakuɗa su.

Tsohon Malami: Ko kusa. Nauyi ne yake raba makomar taurari. Wanda bai wuce ninkin Rana takwas ba, farin wada zai zama, kuma wannan ita ce makomar wajen kashi 97 cikin 100 na taurarin babban gungun da Ranarmu take ciki. Manyan su ne suke fashewa, su bar curin nutron, wato ɗan dunƙule da ya fi farin wada matsewa, ko baƙin rami. Baƙin rami ko haske ya shiga ba ya fitowa. Baƙin wada kuwa dunƙulen abu ne mai fata, in ka haska shi da fitila za ka gan shi. Duhunsa na rashin wuta ne kawai.

Abin da ya fi ba ni sha'awa tun ina koyarwa shi ne abin da yake riƙe farin wada kada ya rufta. Wuta ta mutu, nauyi yana nan yana dannawa, me ya tare shi? Ƙwayoyin elektaron ne. Suna da wata ɗabi'a, biyu ba sa yarda su zauna a gurbi ɗaya cikin hali ɗaya. In aka matse su iya matsewa sai su turje. Wannan turjiya ba ta dogara da zafi ba, shi ya sa ko tauraron ya huce ƙarau ba zai rushe ba. Matsin kuwa ba na wasa ba ne: gutsure mai girman kan ɗan yatsa nauyinsa ya kai tan guda. Amma turjiyar tana da iyaka. Wani saurayi ɗan Indiya, Chandrasekhar, yana da shekara 19, a cikin jirgin ruwa kan hanyarsa ta zuwa karatu Ingila a 1930, ya fara lissafin da ya nuna haka. Iyakar ita ce wajen ninkin Rana 1.4. Babban masanin Ingila na lokacin, Eddington, ya yi masa ba'a a bainar jama'a. A 1983 aka ba Chandrasekhar kyautar Nobel.

Ɗalibar Falaki: Malam, a ƙara da wani ruɗanin. Akwai kuma wada mai ruwan ƙasa, wanda shi tun asali bai samu nauyin da zai kunna wutar haidurojin ba, ya fi Jupita nauyi sau 13 zuwa 80 amma bai kai tauraro ba. A shekarun 1960 su ake kira baƙaƙen wadanni, sai a 1975 Jill Tarter ta ba su sunan da suke da shi yanzu. Su kam an gan su tun 1995. Duk wanda ya ci karo da tsohon rubutu yana iya cewa ai an gano baƙin wada, alhali wani abu daban ake nufi.

Sai Na Gani: Wato ɗaya bai taɓa kamawa ba, ɗaya ya ci ya cinye.

Ɗalibar Falaki: Ka faɗe shi fiye da littafina.

Shugaban Zaure: Wani ya yi min magana ta gefe cewa wannan hira ta shiga hurumin gaibu, tunda ana yanka wa Rana ranar mutuwa. Na ce ya rubuta a nan, ya ƙi. Malam, ko za ku ce wani abu a taƙaice, kada a ja ta da nisa.

Tsohon Malami: A taƙaice: wanda ya duba tankin mota ya ce man nan zai kai kilomita 300 bai ce ya san ranar da motar za ta daina tafiya ba. Lissafin makamashi muke yi in abubuwa suka ci gaba yadda muke ganinsu. Sa'a kuwa saninta yana wurin Mai ita.

Ɗan Autan Zaure: To in Rana ta zama farin wada, duniyoyin fa? Watsewa za su yi?

Ɗalibar Falaki: Makyuri da Zuhura sun tafi. Tamu ana muhawara a kanta, ko a haɗiye ta ko ta tsira a ƙone, amma tun kafin nan, cikin wajen shekara biliyan guda, hasken Rana zai ƙaru da kashi 10 cikin 100, kuma hakan ya isa ya fara ƙafar da tekuna. Na wajen za su ci gaba da zagaye, sai dai da yake Rana ta zubar da rabin nauyinta, riƙon zai yi sako-sako, su ja da baya kusan ninki biyu. An ma ga misali: a 2020 aka sanar da wata duniya mai girman Jupita tana zagaya farin wada mai suna WD 1856+534, tana gama zagaye cikin awa 34. Ta fi tauraron nata faɗi nesa ba kusa ba.

Kuma yayin da yake hucewa, cikinsa daskarewa yake yi, kabon da oksijin su jeru su zama ƙanƙararren dutse tun daga tsakiya. An daɗe da hasashen haka, sai a 2019 bayanan kumbon Gaia na Turai suka nuna alamarsa: an ga fararen wadanni sun yi cunkoso a wani mataki na zafi, domin daskarewar tana sakin ɗumi da ke jinkirta su. Yaya Sai Na Gani, wannan ma lissafi ne da ya jira shekara 50 kafin ido ya tabbatar.

Sai Na Gani: Na karɓi wannan. Amma na ga wani yana cewa wai baƙin wadan ma daga ƙarshe fashewa zai yi. Nan kam na sauka daga motar.

Ɗalibar Falaki: Matt Caplan ne, a 2020. Ya ce mafi nauyinsu, ba irin na Rana ba, cikinsu zai riƙa rikiɗewa zuwa ƙarfe a hankali har turjiyar ta gaza. Lokacin da ya ba na farko shi ne 1 da sifili 1,100. Shi kansa ya gina shi ne a kan sharaɗin cewa furoton ba ya ruɓewa. A nan ko ni ina bayanka, ban sauka ba amma na riƙe ƙofa.

Mai Gadin Dare: Ni duk wannan sifilin ya fi ƙarfina. Abin da nake so, wancan Shi'ira mai abokin tafiya, ta ina zan gane shi? In dai yana fitowa, to lallai mun saba, suna ne ban sani ba.

Tsohon Malami: Kun saba kam. Ka san taurari uku da suke jere reras a layi ɗaya, tazararsu daidai wa daida? Daga Disamba zuwa Maris suna bayyana sosai da farkon dare. Ka bi layinsu, gefe ɗaya zai kai ka wajen Kaza da 'ya'yanta, ɗaya gefen kuma zai kai ka ga wani tauraro fari tas mai ƙyaftawa, wanda duk sama babu tauraron da ya kai shi haske. Shi ne. Hasken da zai shiga idonka ya baro can shekara 8 da rabi da suka wuce. Wadan yana maƙale a gefensa, zafin fatarsa wajen digiri 25,000, ya ninka na Rana fiye da sau huɗu, amma babban ya fi shi haske sau 10,000, don haka ido ba zai raba su ba sai da madubi mai ƙarfi.

Mai Gadin Dare: Af, wannan ai na san shi sarai. Shi nake dubawa in ya karkata yamma in san dare ya raba. Yau in na fita zan ƙare masa kallo.

Ɗan Autan Zaure: Baba, in ka ga wadan ka ɗauko mana hoto.

Mai Gadin Dare: Da wannan wayar tawa? Ko Wata na ɗauka fitowa yake kamar fitilar babur.